Na tsufar da tankar Baba har ta koma kamar daga bola aka tsinto ta

Ɗan Bariki, Agege

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman wanda ya san harkar fentin ƙananan motocin yaƙin nan na roba, waɗanda ake sayowa gutsi-gutsi a kwali mutum ya haɗa da kansa, ya agaza mini kafin in wurga aikin wata uku a kwata.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, direban tanka ne, a barikin Bauchi aka haife ni. Hoto ɗaya tak muke da shi na aikinsa, na shekarun 1980, ya koɗe ya yi ja-ja. Yana tsaye gefen Scorpion, ya dafa ta da hannu ɗaya kamar mai dafa dokinsa. Ga wanda bai san ta ba, ƙaramar tankar leƙen abokan gaba ce da kamfanin Alvis na Ingila ya ƙera, sojan Birtaniya suka fara aiki da ita a 1973. Nauyinta wajen tan 8, mutum uku ke shiga, bindigarta milimita 76. Abin da Baba ya fi alfahari da shi shi ne injin Jaguar da ke cikinta, mai shan fetur. Yakan ce in ya hau kwalta ba tankar da za ta ga ƙurarsa.

Bara na gano cewa kamfanin AFV Club na Taiwan yana yin ta a sikelin 1/35, wato santimita ɗaya a jikin ƙaramar daidai yake da santimita 35 a jikin ta gaske. Na yi oda ta intanet, na jira har na fara cire rai, sannan ta iso. Kuɗin kuwa ban faɗa wa maiɗakina ba har yau.

Haɗawa bai ba ni wuya ba. Gyaran waya nake yi a Computer Village, kasuwar wayoyi ta Ikeja a Legas, hannuna ya saba da hantsaki da gilashin ƙara girma, wanda ya iya ɗora cajin-fot ba ƙaramin madubin tanka ne zai kayar da shi ba. Na fesa firama ruwan toka ta gwangwani, wato fentin shimfiɗa na farko, na bi da koren fentin kamfanin Tamiya mai lamba XF-61 da ƙaramar bindigar feshi mai batir, irin wadda masu aski ke fesa dayis da ita. Wallahi a nan ta yi kyau. Da na tsaya a nan da ban zo ina damun ku ba.

Sai na ce ai tankar da ta yi aiki ba ta zama fes kamar sabuwar amarya. Na kalli wani bidiyo a YouTube inda wani Bature ke tsufar da tankar Jamus ta yaƙin duniya na biyu, na ce abin da ya yi zan yi. Na farko, tsinkakken fentin nan da ake zubawa a lunguna don su yi duhu. Na dama fentin mai na masu zane da tinnar da ke shagonmu, na shafa da buroshi. Kafin minti biyu koren ya yamutse kamar fatar tsohuwa, a saman hasumiyar bindiga ma robar kanta ta yi laushi har sawun yatsana ya fito. Don in rufe ɓarnar sai na ɗauki soso na dinga ɗiga tsatsa, ruwan lemo da ruwan ƙasa, ko'ina: gaba, gefe, sama, har bakin bindiga. Na manna lambobin, gefensu ya fito da wani ƙyalli kamar an liƙa salatif.

Na ƙarshe shi ya gama da ni. Ranar wata Lahadi da yamma, cikin watan Yuli, ana tsuga ruwa kamar da bakin ƙwarya, na fito baranda na fesa banish marar ƙyalli, ruwan nan marar kala da ake fesawa a kan fenti, don in rufe aikin. Da ya bushe sai duk tankar ta yi fari fat, kamar ƙafar yaron da bai shafa mai ba a hunturu. Maiɗakina ta leƙo ta ce, "Wannan kuma daga wace bolar?"

Tambayoyina: me ya kawo farin nan, kuma yana gyaruwa? Da me ake dama tsinkakken fentin in ba tinna ba? Sannan yaya ake sanin an kai iyaka a tsufarwa, don ni hannuna ba ya jin birki.

Mai Fenti, Ladipo

Wa alaikumus salam. Ƙanena, ni ban taɓa fentin abin da bai kai bambar mota ba, amma farin nan na san shi kamar yunwar cikina. Duk damina sai ya ci wa sababbin yara kuɗi a garejinmu.

Ka ga yadda kwalbar lemo mai sanyi take gumi in ka fito da ita daga firji? Shi ne. Abin da ke cikin gwangwanin yana tashi da sauri, wurin da ya sauka ya yi sanyi, ruwan da ke cikin iska ya kwanta a kai, banish ɗin ya bushe ya kulle shi a ciki. Iskar Legas kuwa a watan Yuni da Yuli kusan ruwa ce tsagwaronta, kai kuma ka fito baranda ana ruwa. Ko ni mai shekaru a sana'ar ba na feshin ƙarshe a irin wannan rana, gara in ce wa mai mota ya dawo jibi ya yi ta faɗa.

Ka jira ranar da rana ta buɗe, tsakanin hantsi da azahar. Ka tsoma gwangwanin a ruwa mai ɗumi kaɗan na ɗan lokaci, ruwan da hannunka zai iya zama a ciki, kada ka kuskura ka kai shi kusa da wuta. Ka girgiza shi sosai, minti biyu ko uku, don garin da ke kashe ƙyalli yana kwanciya a ƙasa, shi ma in ya fito a dunƙule fari yake yi. Tazarar kamar taƙi ɗaya, ka wuce da sauri, shafe-shafe sau biyu ya fi lafta sau ɗaya. In ka yi nisa da yawa kuma feshin zai bushe a iska ya sauka kamar gari. Wanda ya riga ya yi fari, sau da yawa in ka bi shi da banish mai ƙyalli siriri a busasshiyar rana, farin yakan narke ya ɓace.

Tinna kuwa, tamu ta ƙarfe ce. Roba take ci. Ka yi sa'a ma da ba ta huda maka ba. Kuma ka riƙa rufe hanci, ka kori yara, kada a yi feshi inda ake girki da gas.

Mai Zanen Gini, Yaba

Malam Ɗan Bariki, sannu da ƙoƙari. Shekara shida ina wannan harka, tankoki tara ne a kan kantata, biyun farko na juya fuskarsu bango.

Maganar Oga Mai Fenti kan farin gaskiya ce, amma ni ba zan ba ka shawarar ceto wannan fentin ba, tunda na ƙasan ya riga ya yamutse. Wanke shi za ka yi. Fentin Tamiya na kwalba mai lamba X da XF sifirit yana narkar da shi, kuma kana da maganin a teburinka: ruwan aisofurofil da kuke wanke fanel ɗin waya da shi. Ba ya cin robar. Ka jiƙa, ka bi da tsohon buroshin haƙori a hankali. In banish ɗin gwangwanin ya yi taurin kai ka ƙara jiƙawa. Inda tinna ta ci, ka bari ya yi tauri kwana biyu, ka goge da samfefa mai laushi sosai.

Duk sirrin harkar nan ɗaya ne: abin da za ka ɗora a sama kada ya zama mai narkar da na ƙasa. Shi ya sa muke fenti da akirilik, mu tsufar da fentin mai, a tsinka shi da wayit sifirit, wanda masu kayan zane ke sayarwa, akwai su nan wajen Yabatech, kwalejin fasaha ta Yaba. Ka lura, wayit sifirit daban, sifirit ɗin kemis daban. Na kemis zai ɗaye maka koren kamar yadda tinna ta yi. Mutane da yawa a sunan nan suke faɗawa rami.

Ga yadda nake bi. Firama, sai kore. Koren nan kada ka bar shi yadda ya fito daga kwalba, ƙaramin abu yana ƙara duhu a ido, kuma duk abin da za ka ɗora daga baya duhu zai ƙara masa. Ɗiga masa XF-57 kaɗan, wato ruwan ƙasa mai haske, ka ƙara haske a saman da rana ke duka. Daga nan banish mai ƙyalli, X-22, ka bar shi kwana biyu. Na san a bidiyo za ka ji sun ce kwana ɗaya, su ba a Legas suke ba. Ni ina da kwalin indomi da na saka wa ƙwan lantarki mai ɗan zafi a ciki, nan nake busarwa, yana kuma tare ƙura.

A kan mai ƙyallin ake manna lambobi. Ƙyallin salatif ɗin da ka gani iska ce ta maƙale a ƙarƙashi, saboda fenti marar ƙyalli in ka duba shi da gilashinka za ka ga kaushi ne da shi kamar samfefa, lambar ba ta kwanciya. A kan mai santsi sai ta lafe.

Tsinkakken fentin kuma ba wanka ake yi wa tankar da shi ba. Ka dama ruwan ƙasa mai duhu ya zama kamar shayin da ba madara, ka ɗangwala da bakin siririn buroshi a gindin noti ko tsagin ƙofa, da kansa zai bi layin ya gudu. Bayan kamar minti goma sha biyar ka share abin da ya fita da buroshi mai ɗan danshi. Ko wayit sifirit ɗin in ya yi yawa yana raunana wurin da ka sa gam, ƙananan kaya su fara zubewa.

Batun birki, ga lissafin da ke tsayar da ni. Kwarzanen milimita ɗaya a jikin taka, santimita uku da rabi ne a jikin ta gaske. Ɗigon sosonka na milimita biyar ya kai faɗin faranti. Ka tambayi kanka ko ka taɓa ganin mota mai aiki da tabon tsatsa kamar faranti guda arba'in.

Tsohon Soja, Ojo

Ɗana, Allah ya jiƙan mahaifinka, ya sa ya huta. Jikana ne ya nuna mini rubutunka, shi yake buga mini wannan. Ban san fentin roba ba, amma na yi shekaru ina kwana a gindin motar da kake magana.

Da na ji ka ce ka sa mata tsatsa gaba da gefe da sama sai da na yi dariya har tari ya sarƙe ni. Scorpion ba ta tsatsa, ɗana. Jikinta alminiyam ne, shi ya sa ba ta da nauyi, shi ya sa mahaifinka yake gudu da ita. Ka taɓa ganin tukunyar alminiyam ta mahaifiyarka ta yi ja? In fenti ya ɗaye a jikinta, fari-fari za ka gani, ko toka-toka in ya daɗe. Baturen da ka kwaikwaya tankar ƙarfe yake yi. In tsatsa kake marmari ka nemi tankokin ƙarfe irin su T-55 ko T-72, ko ka je gidan tarihin yaƙi na Umuahia ka ga motocin da suka daina aiki tun da aka gama yaƙin basasa a 1970.

Inda za ka sa ja a Scorpion kaɗan ne. Salansa, don zafi yana cinye fentinta. Sarƙar ƙafa, ita ma in motar ta kwana biyu a tsaye, da ta yi tafiya kuwa inda haƙoran taya ke cizo sai ya yi ƙyalli kamar sabuwar wuƙa. Sai shebur da diga da ake ɗaurewa a jiki.

Kuma ka sani, mahaifinka soja ne. Motar da ke bariki wanke ta ake yi, a shafa mata girisi, a taɓa fenti inda ya ɗaye. Direban da ya bar motarsa ta koma yadda ka kwatanta, a gadirum zai kwana. In ka ajiye wannan kusa da hotonsa ka ci mutuncinsa.

Abin da ke nuna motar ta yi aiki shi ne ƙura da sawun mutane. Direba yana gaba ta hagu, inji na damansa. To bakin ƙofarsa, inda yake dafawa da inda but ɗinsa ke takawa kullum in zai hau, nan fenti ke siɗewa ya yi santsi. Haka bakin ƙofofin sama biyu. Wajen zuba mai akwai ɗan tabo da ƙura ta manne a kai. Hayaƙinta na fetur ne, ba ya baƙanta jiki kamar na tirela mai shan gas, kada ka lafta baƙi.

Ƙura kuma kala-kala ce. In mun fita daji a hunturu, fara-fara ce mai laushi, tana kwanciya a kan komai har gashin ido. In muka bi jan burji, daga sarƙa zuwa rabin jiki ja ne, baya ya fi gaba saboda abin da sarƙa ke watsowa. Sama ba ya ɗauka sosai. Robar tayoyin ma ban taɓa ganin ta baƙa wuluk ba sai ranar fareti. Ka duba hoton nan da gilashin naka, ka ga but ɗinsa da ƙasan motar, za su gaya maka wane wata aka ɗauka.

Maman Biyu, Idi-Araba

Ni kwalliyar amare nake yi, maigidana ne mai wannan ciwon naku, kuma kayana yake sata. Ya taɓa sayo wani abu na Tamiya mai suna Weathering Master da tsada, da ya buɗe na ga ai gidan hoda ne, kala uku da ɗan soso a tsinke. Tun daga ranar nake ba shi ragowar hodar saman ido, ruwan ƙasa da ruwan toka da mai kalar bulo. Sharaɗi ɗaya, ka zaɓi marar ƙyalƙyali, in ba haka ba tankar Baba za ta fito kamar za ta gidan biki. Hodar ita ce ta ƙarshe, bayan banish, don na ga ya fesa banish a kanta ta ɓace kamar ba a sa ba. Sosonmu na hoda kuma ya fi soson katifa ƙananan huji. Feshin gashi ma yana ɗauka, amma wannan ban san me yake yi da shi ba.

Mai Zanen Gini, Yaba

Hajiya, ɗaye fenti yake yi da shi. Ana fesa kalar ƙasa, a nan tunda Baba na Ojo ya ce alminiyam ne sai XF-16 mai kalar alminiyam, a bi da feshin gashi siriri sau biyu, a ɗora koren. Da ya sha iska sai a jiƙa wurin da ruwa, a taɓa da tsinken sakace, koren ya ɓare kamar na gaske saboda ruwa yana narkar da feshin gashin da ke ƙasa. Amma Malam, da hannunka marar birki, ka yi shi a bakin ƙofofi kawai, kuma ka gwada a cokalin roba tukuna. Baba na Ojo, na gode, ni ma akwai M113, motar ɗaukar sojoji ta Amurka, a kantata da na yi wa tsatsa, ita ma ashe alminiyam ce. Yau za ta juya bango.

Ɗan Bariki, Agege

Jama'a na dawo, bayan sati uku. Allah ya saka da alheri.

Na wanke ta tas da ruwan fanel, madubi ɗaya ya karye a hannuna, na mayar da shi da wayar caja. Na yi feshin ranar wata Asabar da hantsi cikin ɗan tsagaitawar ruwan nan na Agusta, a ɗaki, taga a buɗe, yara suna gidan kakarsu. Babu fari ko ɗigo.

Baba na Ojo, maganarka ta hana ni barci. Na sa hoton a ƙarƙashin gilashin shago, abin da ban taɓa yi ba duk shekarun nan. But ɗinsa ja ne har idon sawu, tayoyin ma haka, saman motar kuwa tsaf. Kuma daidai inda hannunsa yake, gefen ƙofar direba, akwai wani ɗan fari da na ɗauka lalacewar hoto ce. Siɗewar fenti ce. Nan kaɗai na yi dabarar feshin gashi, sai bakin ƙofofin sama.

Jar ƙasar ban saya ba. Na ɗebo a inda ake aikin hanya wajen Abule-Egba, na soya ta a tsohon gwangwani don ta bushe, na daka, na tace da tsohuwar safar mata sau biyu. Ko bayan haka ta yi girma a ido, tsakuwa-tsakuwa, sai da na haɗa da garin alli mai kala da na kankare. Na ɗora a tayoyi da ƙasan jiki da busasshen buroshi, na ɗiga wayit sifirit ya kama ta. Haƙoran sarƙa na goga musu fensir 2B. Sau biyu hannuna ya kai kan soson tsatsa, na tuna gadirum na ajiye.

Saura abu ɗaya. A bayan motar, cikin hoton, akwai wani abu a rataye da ban gane ba, kamar tulu ƙarami, da wani abu a naɗe kusa da shi.

Tsohon Soja, Ojo

Buta ce da tabarmar sallah, ɗana. Kowane direba da inda yake rataye tasa.

Maman Biyu, Idi-Araba

To buta a wannan sikeli ba za ta wuce milimita shida ko bakwai ba. Ka nemi dutsen ado na roba mai wannan girman a wajen masu ɗinkin duwatsu, ka yi mata hanci da wayar cajar nan taka. Tabarmar kuma ka yanko bakin ribon mai saƙa, ka jiƙa shi da Top Bond da ruwa, ka naɗe a jikin tsinke ya bushe. In ba ka samu dutsen ba ka yi magana, ina da gwangwani guda a nan.